Rakiyar da Na Yi Zuwa Dutsen Tirumala

Shekaru ke nan ina ajiye da wannan labari a cikin wani ɗan littafin rubutu mai jan bango. Ban taɓa karanta shi a zaman ƙungiya ba, ban kuma aika wa wata mujalla ba. Dalili kuwa shi ne tsoron bakin mutane. A garinmu idan aka ji wane ya hau dutse ya je ɗakin gumaka a Indiya, ba mai tsayawa ya tambayi abin da ya kai shi. Kafin labarin ya tashi daga Fagge ya isa Ƙofar Mata an ce an gan shi yana sujada. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma akwai mutumin da nake ganin idan na mutu ban ambaci alherinsa ba na ci amanarsa. Saboda haka ga labarin, mai karatu ya yi nasa hukunci.

A watan Janairu na 2017 ni da mai ɗakina muka kai ɗanmu, yaro ɗan shekara tara, wani asibiti a birnin Cennai, wato Madras ta da, domin a yi masa aikin zuciya. Da ƙyar da jiɓin goshi aka haɗa kuɗin, sai da na sayar da filina, 'yan uwa kuma suka yi karo-karo. Ana jibi za a shiga da shi aka ce mana jininsa irin wanda ake kira O nagatif ne, ba kowa ke da shi ba, wanda suke da shi a ajiye kuma ba zai isa ba, sai mu nemo wanda zai bayar. Nawa bai yi ba, na uwarsa bai yi ba. Ga mu a ƙasar da ba mu san kowa ba. Na fito na zauna a benci, na haɗa kai da gwiwa.

A bencin nan akwai wani baƙin mutum siriri, mai furfura a gefen kunne, wanda na saba gani kullum yana riƙe da kwanon abinci mai hawa uku. Malamin firamare ne daga wani ƙauye kusa da Nellore, a jihar Andhra Pradesh, ya kawo 'yarsa ita ma aikin zuciya. Da farkon zuwanmu na gwada masa ɗan Indiyancin da na tsinta a silimar Plaza da El Dorado tun muna samari, ya dube ni ya yi murmushi. Ashe yaren finafinan nan Hindi ne, su kuwa mutanen wannan yanki Telugu suke yi, mutanen Cennai kuma Tamil. Da guntun Turanci muke gaisawa. Da ya ji abin da ke damuna bai ce komai ba, ya ajiye kwanonsa a kusa da ni ya bi bayan nas. Bayan kamar rabin awa ya dawo da auduga manne a hannu. Jininsa irin na yaron ne. Tun daga ranar nake kiransa Anna, wato yaya da yarensu, shi kuma yana kirana tammudu, wato ƙane.

An yi wa ɗana aiki ran Talata, aka yi wa 'yarsa ran Laraba. Allah cikin ikonsa duk suka tashi. Likita ya ce mu zauna a garin makonni shida ana duba su kafin kowa ya kama gabansa.

Da makonnin suka kusa cika sai Anna ya same ni a masauki, yana ta murza hannu kamar mai neman rance. Ya ce ya yi bakance, idan 'yarsa ta rayu zai hau dutsen Tirumala da ƙafa, ba takalmi, ya aske kansa a can. Ƙanensa da ya kamata ya raka shi aiki ya riƙe shi, ga shi gwiwarsa ta dama ba lafiya, ga ciwon suga. Matarsa da yarinyar za su hau da mota. Ko zan raka shi?

Da na gaya wa mai ɗakina ta yi shiru, sa'an nan ta ce, “Malam, mutumin nan ya yi mana abin da ɗan uwa bai yi ba. Amma ka san inda za ka. Kada ka je ka ɗauko mana abin faɗi.” Na yi niyyar bugo wa wani malamina waya a gida in nemi fatawa, na fasa. Gaskiyar magana ina tsoron ya ce kada in je, alhali na riga na san ba zan iya duban idon Anna in ce masa a'a ba. Na gindaya wa kaina sharaɗi: zan riƙe jaka, zan riƙe hannu, amma ba zan rusuna wa kowa ba, ba zan ci abin da aka miƙa wa gunki ba.

Muka shiga jirgin ƙasan da ake kira Sapthagiri, ma'ana duwatsu bakwai, daga Cennai zuwa garin Tirupati, tafiyar awa uku da 'yan kai. Ziyararsu tana da tsari. Ranar farko suka je Kanipakam wurin Ganesha, mai kan giwa, domin a wurinsu da shi ake fara kowace hidima. Rana ta biyu suka je Tirucanur, a bakin gari, ɗakin Padmabati, wadda suke ɗauka matar ubangijin dutsen ce. A duka wuraren biyu aikina gadin takalma da jakunkuna a waje, yara suna kewaye ni suna leƙen wannan baƙo mai kaftani. Rana ta uku ita ce ta ƙarshe, ita ce kuma uwar tafiyar.

Na yi sallar asuba a wani masallaci a cikin Tirupati, domin garin akwai Musulmi, sa'an nan muka nufi Alipiri, gindin dutsen, inda wani ƙaton mutum-mutumin gaggafa yake tsaye a shataletale. Nan ake binciken kaya, domin an hana hawa da nama ko giya ko taba. Nan kuma matakalar take farawa. Guda 3,550 ne, a kan hanya mai tsawon kimanin kilomita tara, akasarinta da rufi a sama, an kuma rubuta lamba a jikin matakalar don mai hawa ya san inda ya kai. Ni ɗan Kano ne, iyakar hawan da na sani shi ne na Dala, wanda matakalarsa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, shi ma sai na huta a tsakiya.

Ganin kowa ba takalmi ni ma na tuɓe nawa na jefa a jaka. Dutsen da muke takawa yana da santsi, ya rine da rawaya da ja. Ba da jimawa ba na ga dalili: wasu mata sun sunkuya, kowace da ɗan kwano a hannu, suna shafa wa kowace matakala kurkum da wani jan gari, wasu na biye suna ɗora ƙanƙanin kafur suna kunna masa wuta. Haka za su yi wa duka dubu ukun da ɗari biyar da hamsin ɗin. Na ga tsohuwa da sanda, na ga magidanci da jariri a wuya, na ga amarya da ango. Lokaci-lokaci wani zai ɗaga murya ya ce “Gobinda!” sai jama'a su amsa gaba ɗaya. Da farko dariya ta kusa kama ni, don ni Gobindan da na sani ɗan wasan fim ne mai rawa. Anna ya ce ai shi ɗan wasan ne aka sa wa sunan, asalinsa ɗaya ne daga sunayen Bishnu, wanda a wannan dutse ake kira Benkateshwara.

Matakala dubu biyu na farko su ne masu tsanani, a tsaye suke kamar tsani, har zuwa wata doguwar hasumiya fara da ake kira Gali Gopuram, wadda ake hangowa daga cikin gari. Kafin mu kai dubu gwiwar Anna ta fara kumbura. Ya dafa kafaɗata. Duk matakala hamsin sai mu zauna, in ba shi ruwa, in duba fuskarsa ko sugansa ya faɗi. A wani zama na ce masa ga hanyar mota can, ya haƙura mana, ai an san ya yi niyya. Ya girgiza kai ya ce, “Tammudu, wanda ya ci bashi ba shi yake zaɓen yadda zai biya ba.”

Maganar bashi ce ta jawo ya ba ni labarin da kowane yaro a yankin ya sani. A cewarsu, da Benkateshwara zai auri Padmabati ba shi da kuɗin biki, sai ya ci bashi wurin Kubera, ma'ajin dukiya, kuma har ƙarshen wannan zamani yana biyan ruwan kuɗin. Wai shi ya sa masu ziyara suke zuba kuɗi da zinariya a cikin wani babban asusu da ake kira hundi, suna taya shi biya. Na ce a zuciyata, subhanallahi, abin bauta da bashi a kansa. Ban faɗa a fili ba. Mutumin da yake ba ni labarin yana dafe da ni yana numfashi da ƙyar, jininsa kuma yana yawo a jikin ɗana.

Muna cikin tafiya sai Dala ta faɗo mini a rai. Tarihin Kano ya nuna cewa kafin Wangarawa su zo da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, a gindin dutse kakanninmu suke taruwa, Barbushe yana shiga wurin Tsumburbura ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. Da an haife ni a wancan zamani da ina cikin masu jan baƙin bunsuru zuwa wurin. Ba wayona ne ya fisshe ni ba. Wannan tunani ya sa na gode wa Allah da ni'imar Musulunci, ya kuma rage mini wani ɗagin kai da na hawo da shi daga ƙasa ban sani ba.

Bayan hasumiyar hanya ta ɗan kwanta. Muka wuce wani shinge da ake kiwon barewa, muka wuce ƙaton mutum-mutumin Hanuman mai fuskar biri, birai na gaske kuma suna ta fizgar ayaba daga hannun yara. Can kusa da ƙarshe sai ga wani hawan kuma mai tsayi, wanda sunansa da Telugu yake nufin dutsen gwiwa, inda wasu suke hawa da rarrafe. Nan kam kusan ɗaukar Anna na yi. Mun bar Alipiri gari bai gama wayewa ba, ba mu taka matakala ta ƙarshe ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ya zube a kanta ya kifa goshi yana kuka. Ni kuwa na tsaya gefe, cinyoyina na rawa, ina istigfari ina hamdala a haɗe.

Na zaci zan tarar da ɗan ɗaki a kan tsauni, irin wanda muke gani a fim, uwa ta buga ƙararrawa tana kuka. Gari guda na tarar, a bisan mita ɗari takwas da wani abu daga teku, da tituna da masaukai da asibiti da motocin bas na kyauta. Hukumar da ke kula da wurin, wadda ake taƙaita sunanta da TTD, an kafa ta da dokar gwamnatin Madras ta 1932. A rana ta yau da kullum mutane dubu hamsin zuwa dubu ɗari ne suke zuwa, a ranakun biki kuma su ninka. Akwai wani makeken zaure inda ake ciyar da duk wanda ya zo kyauta, shinkafa da miya, ba a tambayar ko shi wane ne. Na tsaya ina kallon yadda ake tafiyar da wannan taro, layi-layi, kowa da lambarsa, na ce lalle akwai abin koyo a nan ga duk mai shirya taron jama'a.

Muka sadu da matarsa da yarinyar, muka nufi gidan aski, Kalyanakatta. Daga bakin ƙofa na hangi wanzamai jere a ƙasa, maza da mata. Ana ba kowane mai ziyara tikiti da rabin reza sabuwa, ya zauna gaban wanzami, a jiƙa kan da ruwa, cikin 'yan mintoci an gama. Ba maza kaɗai ba. Na ga mata masu gashi har gadon baya sun fito kai ƙwal, suna dariya. Hukumar tana tara gashin ta yi gwanjonsa, 'yan kasuwa su saya su fitar ƙasashen waje a yi gashin kanti da shi. Da Anna ya fito, ƙeyarsa na sheƙi, sai na tuna ranar da wani wanzami ya yi mini tal-kwabo a Mina a hajjin 2010, da irin sakayau ɗin da na ji a raina. Na san ba ɗaya ba ne, wanda na yi dominsa daban, wanda ya yi dominsa daban. Amma fuskar mutumin da ya sauke nauyi na gane ta.

Daga nan suka yi wanka, muka nufi ginin da ake shiga layi. A nan zan faɗi abin da ya fi yi mini wuyar faɗa. Ina so in shiga. Daga inda muke ina hango ƙubbar da aka lulluɓe da zinariya tana walƙiya a rana. Anna ya gaya mini cewa a ciki akwai mutum-mutumin Sarki Krishnadebaraya na daular Bijayanagara, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1529, tsaye da matansa biyu, da rubuce-rubucen sarakunan da a jikin bango. Marubuci kuwa kun san halinsa da kwaɗayin gani. Zuciya ta ce mini, ka hau matakala 3,550, sa'an nan ka koma daga bakin ƙofa? Ai kallo kawai za ka yi.

Wani ma'aikaci ya dube ni, ya dubi gemuna, ya tambayi addinina. Na ce Musulmi. Cikin ladabi ya kai ni wani tebur ya miƙo mini takarda. Ƙa'idar wurin ita ce duk wanda ba Hindu ba, kafin ya shiga, sai ya sa hannu cewa ya yi imani da Benkateshwara kuma yana girmama shi. Na karanta sau biyu. Layi uku ne ko huɗu, da gurbin suna da gurbin sa hannu.

Anna ya matso ya ce, “Takarda ce kawai, tammudu. Ba mai karantawa. Manyan mutane ma suna sa hannu su wuce.”

'Yan uwa marubuta, mu da muke fama da alƙalami mun fi kowa sanin cewa babu wani abu wai shi takarda kawai. Shekara nawa muna gaya wa matasa a zaman ƙungiya kada su sa sunansu a ƙarƙashin abin da ba su yarda da shi ba? Balle wannan magana ce ta kalmar shahada, wadda aka yi mini huɗuba da ita a kunne ran da aka haife ni, wadda nake fata in cika da ita. Na kuma lura da wani abu: mutanen nan ba su yaudare ni ba. Sun faɗa a fili cewa ɗakin nan na masu imani da shi ne, kamar yadda mu ma muke da allo a hanyar Makka da ke nuna wa wanda ba Musulmi ba inda zai ratse. Idan na sa hannu na yi wa Allah ƙarya, na kuma yi musu. Na mayar wa ma'aikacin biro da takardarsa, na yi masa godiya.

Fuskar Anna ta canja. Na jira ya ce mini, jinina fa? Da ya faɗa ban san amsar da zan ba shi ba. Bai faɗa ba. Ya ja ni gefe, idonsa ya kawo ruwa, ya ce daren da aka shiga da ɗana ya ga yadda uwarsa take kuka, sai ya ƙara sunan yaron a cikin bakancensa. Wannan hawa da wannan aski na yara biyu ne. Shi ya sa yake so in tsaya kusa da shi a ciki.

Jikina ya yi sanyi. Ni na san wanda ya warkar da ɗana, ba ni da shakka ko ta ƙwayar zarra. Amma yaya za ka yi da mutumin da ya kai ɗanka wuri mafi daraja da ya sani? Na riƙe hannunsa na gaya masa gaskiyar da ban taɓa gaya masa ba: daren Laraba, da aka shiga da 'yarsa, na shimfiɗa dardumata a lungun asibiti, na yi ta ambaton sunanta a sujada har aka kira asuba, na kuma yi bakancen azumi uku idan ta tashi, na riga ma na yi su. Na ce masa, “Anna, kai ba ka zo masallaci ba, ban kuma ji haushi ba. Ka shiga ka cika alkawarinka. Ni iyakata nan.”

Ya yi shiru yana dubana. Can sai ya share ido da gefen mayafinsa, ya yi 'yar dariya ya ce ashe yarinyar nan ta sha addu'a ta ko'ina. Ya karɓi jakarsa, suka shiga layi, yana ɗingishi, 'yar tana riƙe da hannunsa.

Na ɗan zauna a ƙarƙashin wata bishiya na sha shayi da biskit. Da na ga rana ta karkata na shiga bas na gangara, domin a kan dutsen ba a yarda da ibadar wani addini ba, ni kuma ba na son in ɓata wa kowa. Hanyar gangarowa kwana-kwana ce kamar maciji. A masallacin da na yi asuba na haɗa azahar da la'asar irin ta matafiyi, na daɗe a zaune ban tashi ba.

Sai bayan isha suka iso masauki. Sun yi awa shida a layi, tsayuwarsu a gaban gunkin kuwa ba ta kai minti ɗaya ba, ma'aikata na cewa a matsa. Anna ya shafe kansa da ƙullin sandal saboda zafin reza. Yana riƙe da jaka cike da laddu, wani dunƙulen alawa na garin wake da man shanu da sukari wanda ake raba wa masu ziyara bayan an miƙa shi a ɗakin, wanda sunansa ya yi nisa har gwamnati ta yi masa rajista a 2009 don kada wani ya kwaikwaya. Gabana ya faɗi, na ce ga jarrabawa ta biyu ta zo. Sai ya ajiye jakar laddun can gefe, ya zaro wata leda daban ya miƙo mini. Ayaba ce nono guda da lemo huɗu. Ya ce, “Wannan a tashar mota na saya, tammudu. Ba a kai shi ko'ina ba.”

Washegari muka rabu a tashar jirgi, su suka yi arewa, ni na koma Cennai. Ɗana yanzu ya zama saurayi, yana buga ƙwallo, tabon aikin ne kawai a ƙirjinsa. Duk ƙaramar salla Anna yana bugo waya ya ce “Barka da salla” da Hausar da na koya masa, ni ma idan bikinsu na sabuwar shekara ya zo ina kira in tambayi gwiwa da 'yar. Ina yi masa addu'ar shiriya, ya sani, bai taɓa hana ni ba.

Wanda ya ga na yi kuskure da na raka shi, ina sauraron hujjarsa, Allah kuma ya yafe mini. Abin da nake roƙo kawai shi ne idan za a ba da labarin a ba da shi duka, har da jinin, har da takardar, har da ayabar. Allah ya sa mu cika da imani, ya kuma saka wa duk wanda ya taɓa yi mana alheri.